Yadda Aka Fara Zagin Tsumman Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga hayin teku ta taso.

Ta zo mu ji ta, mun gyara mata wuri.

A can ƙasar Ingila, wata shekara aka yi sanyi mai kisa. Ruwa ya daskare har cikin randa. Sai mai gari ya buɗe babban zaurensa, ya sa aka hura wuta, ya ce kowa ya zo ya ji ɗumi, sai dai a tuɓe takalmi a ƙofa don kada a ɓata darduma. Ya sa Dila gadin ƙofar. Dila kuwa ya ƙara tasa doka, wai marar safa ba ya shiga.

To, akwai Bushiya, tsohuwa mai wankin kifi a bakin ruwa. Ba ta da safa. Talakawan ƙasar, in sanyi ya zo, tsumma suke naɗawa a yatsun ƙafa su cusa cikin takalmi. Ita ma haka take yi. Yatsunta sun fara yin baƙi. Ta san in ba ta sami wuta ba, za ta rasa su.

Ta je ta bi layi. Agwagwa ta tuɓe takalmi, ga safar siliki.

Dila ya rusuna. "Shigo, uwar ɗakina."

Tunkiya ta tuɓe nata, ga safar ulu.

"Shigo, ranki ya daɗe."

Bushiya ta tuɓe nata. Dila ya toshe hanci.

"Iya, wannan fa?"

"Abin da nake da shi ke nan, ɗana."

"Wane ne ɗanki? Kauce, tsumman ƙafa!"

Aka kwashe da dariya. Bushiya ta mai da takalminta ta tafi.

Washegari ta wanke tsumman da sabulu, ta naɗa shi tsaf, ta koma.

"Duba, yau fes yake."

Dila ya ce, "Ko ɓarin turare kika yi masa, tsumma dai tsumma ne. Kauce!"

Ta koma gida tana ɗingishi.

Da gari ya sake wayewa, ƙaramin yatsanta ya daina ji. Ta tashi ta tafi. Wannan karon ba ta bi layi ba. Ta wuce kai tsaye ta zauna a tsakiyar ƙofa.

Dila ya ce, "Ke kuma?"

"Ni ce. Mai gari ya ce kowa ya zo. Ni ma cikin kowa nake."

"Tashi, tsumman ƙafa!"

"Kira ni abin da ka ga dama. Ba inda za ni."

Ta dunƙule, ƙayoyinta suka miƙe. Ba mai shiga, ba mai fita. Agwagwa ta fara rawar sanyi tana cewa, "Dila, ka san aikinka kuwa?"

Dila ya kai hannu, ƙaya ta soke shi. Ya ɗauko tsintsiya, tsintsiya ta karye. Ransa ya ɓaci, ya ja da baya, ya ɗaga dogon takalminsa mai sheƙi, ya shure ta da ƙafa.

Takalmi ya kafe a ƙaya. Ya ja, ya ƙi. Ya ja da ƙarfi, sai ƙafa ta zare, takalmi ya tsaya. Ga wani baƙin tsumman buhun gawayi yana warwarewa daga yatsunsa har ƙasa.



Bushiya ta leƙo da hanci ta duba. Ta ce, "Nawa dai wankakke ne."

Ta miƙe, takalmin Dila a bayanta, ta shige har gaban wuta ta miƙe ƙafafu. Masu dako da masu wankin kifi suka biyo ta, kowa da tsummansa a fili.

Dila ya tsaya a ƙofa da ƙafa ɗaya. "Iya, ba ni takalmina."

"Shigo ka karɓa, ɗana. Amma sai ka nuna safa."

Dila ya juya yana ɗangyashi cikin ƙanƙara. Duk wanda ya yi masa dariya a hanya, sai ya daka masa tsawa, "Tsumman ƙafa!" Haka kalmar ta bazu. Shi ya sa har yau, in mutumin Ingila ya raina wani, yakan jefe shi da ita. Ku kuwa, in kun ji mai zagin talaka da talaucinsa, ku dubi takalminsa da kyau.

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma hayin teku.