Juma'a Bakwai Ba Muryar Lubabatu

Akwai wata mata a Parakou mai suna Lubabatu, tana sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè. Allah ya ba ta murya. In ta kira mai ciniki daga rumfarta, har 'yan zemi, wato 'yan acaɓa, da ke bakin titi sai sun waiwayo.

Mahaifiyarta, Inna Hamida, tana Djougou. Idanunta sun daɗe da rufewa, muryar 'yarta ce kawai ta rage mata. Kowace Juma'a da an sauko daga masallaci Lubabatu za ta kira, su yi ta hira har waya ta yi zafi.

Ana nan sai maƙoƙo ya fito wa Lubabatu a wuya, ya girma har haɗiyar abinci na neman gagararta. Likita ya ce sai an yi aiki. Ƙaninta Tahir, wanda ke zaune da Inna, ya ce kada a faɗa wa tsohuwa, hankalinta zai tashi. Kun dai san halinmu, da an ce ciwo sai mu ɓoye wa tsofaffi, wai mu masu tausayi.

An yi aiki, an cire maƙoƙo. Amma da ta farfaɗo ta buɗe baki, sai iska kawai ke fita. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce an taɓa jijiyar da ke motsa murya. Wataƙila ta dawo, wataƙila kuma shi ke nan.

Juma'a ta zo, Lubabatu ta ɗauki waya, ta ajiye, ta yi kuka. Tahir ya ce wa Inna ai Yaya ta tafi Cotonou sarin kaya. Wani makon ya ce babu rezo, wato layin waya ba ya shiga. Haka dai har Juma'a bakwai.

Inna ta daina tambaya, ta rage cin abinci. Sai ta zauna da waya a cinya tana shafawa. Allah sarki, uwa. Rannan ta ce wa Tahir, "In wani laifi na yi wa yayarka, ka ce ta yafe mini tun ina da rai."

Tahir ya kira Lubabatu yana hawaye, ya maimaita mata maganar. Washegari da sassafe ta hau motar Djougou.

Ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta yi ƙoƙarin sallama, muryar ba ta fita ba. Sai Inna ta ɗago kai ta ce, "Luba ce? Na ji takunki."

Lubabatu ta durƙusa, ta kama hannun Inna ta ɗora a kan tabon wuyanta, ta raɗa mata komai a kunne. Inna ta daɗe tana shafa tabon, sannan ta ce:

"Shekara biyu kika yi a bayana ba ki iya cewa ko ruwa ba, kuma ban taɓa barin ki da ƙishi ba. Yau ne zan kasa jin ki?"

Har yanzu muryar ba ta dawo duka ba, a dishe take. Amma kowace Juma'a Lubabatu tana kira. Inna ce ke surutun, ita tana saurare, kuma Inna ta ce jin numfashinta ma ya ishe ta.

Darasi: Kada ka ɓoye wa iyayenka jarrabawarka da sunan tausayi, shirunka ya fi ciwonka yi musu zafi. In naka suna raye, kira su yau, sannan ka tura wannan labari ga wanda ya daɗe bai kira gida ba.