Manomin da Ya Ƙi Lanƙwasa Sabuwar Gwiwarsa

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani manomi, sunansa Habila. Ya ba shekara sittin baya, yana zaune da matarsa Laraba, wadda suka shekara arba'in da ɗaya tare. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya kama gabansa, gida ya rage daga shi sai ita sai awaki. Maƙwabta sukan ce ba su taɓa jin muryar Laraba ta haura katanga ba. In Habila ya ce gabas, to gabas ɗin ce.

Ana nan sai gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. Da fari da sanyin safiya kawai take damunsa, in rana ta yi zafi ta sake shi. Daga baya ta daina sakinsa. Ya sha sassaƙe, ya shafa man kaɗe, an yi masa ƙaho har sau uku, duk a banza. Ƙafar ta soma karkacewa kamar baka. Ya bar zuwa gonarsa ta nesa, bayan shekara guda ya bar ta kusa. A majami'a kuwa, in jama'a suka miƙe don waƙa, shi yana zaune, yana rera tasa da kai a sunkuye.

Da abin ya kai ga ba ya iya fita zaure sai da dafa bango, 'ya'yansa suka zo suka ɗauke shi zuwa babban asibiti a birni. Likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoton gwiwar, ya ɗaga hoton a haske, ya ce, "Baba, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan nan ya cinye. Yanzu ƙashi ne ke gugar ƙashi, kamar dutsen niƙa ba hatsi. Sai dai mu cire inda ya lalace, mu sa maka gwiwa ta ƙarfe da roba."

Habila ya ce, "Likita, ƙarfe a jikin mutum? Ba zai yi tsatsa ba in damina ta zo?"

Likita ya yi dariya, ya ce ba zai yi ba. Sa'an nan ya daina dariyar, ya ce, "Amma ka ji ni da kyau, Baba. Aikina na yini ɗaya ne. Naka na watanni ne. In na sa maka ita, kai ne za ka koya mata lanƙwasawa da miƙewa, kuma da zafi."

Habila ya ce, "Wanda ya yi noma shekara hamsin, wane zafi za a gaya masa?"

Aka ba su mako shida su shirya. Habila ya rage tuwo. Ya je aka cire masa wani haƙori da ya daɗe da ruɓewa, gama likita ya ce kada a shiga aiki da ƙwayar cuta a jiki. Kowace safiya yakan kwanta rigingine yana ɗaga ƙafar yana saukewa don cinyar ta yi ƙarfi. Laraba kuma ta juya gidan. Ta kira kafinta ya ƙara wa gado tsawo, ya yi kujera mai rami aka ɗora a kan masai. Ta sa aka fasa dokin ƙofar ɗaki don kada ya yi tuntuɓe. Ta naɗe tabarmi, ta tsige turakun awaki ta mai da su bayan rumbu. Habila yana zaune yana kallonta, ya ce, "Laraba, wannan shiri kamar za a kawo amarya." Ta ce, "Ai amaryar ce, maigida, sabuwar gwiwa za ta tare."

Bayan an gama girbin dawa aka yi aikin, ya kuwa yi kyau. Kashegari ma'aikatan asibiti suka tsai da shi da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya yi taku uku yana gumi. Kafin a sallame su, mai gashin ƙashi ya koya wa Laraba abin da za ta yi a gida. Za ta zaunar da shi a bakin gado, ta riƙe idon sawunsa, ta tura ƙafar baya a hankali har gwiwar ta lanƙwashe, sau goma a kowane zama, zama uku a yini.

Rana ta fari a gida ta yi masa, ya cije haƙora. Rana ta biyu ya yi ƙara. Rana ta uku masu gaisuwa suka cika gidan, a cikinsu akwai wani tsohon abokinsa da suka yi yarinta tare. Da ya ji abin da ake yi, sai ya riƙe baki, ya ce, "Habila, ina aka taɓa jin an ɗora ƙashi ana murɗa shi? Mu da muka ga ɗori tun muna yara, ai karaya hutu take so. Ka kwanta abinka, jiki shi ya san lokacinsa."

Mutumin nan ba mugunta ya nufa ba, ƙauna ce ta sa shi magana. Maganar kuwa ta yi wa Habila daɗi ƙwarai, gama ita yake so ya ji. Da baƙi suka watse ya ce wa matarsa, "Daga yau kada ki ƙara taɓa mini ƙafa." Ta ce, "To, maigida."

Kwana goma yana kwance da matashi a ƙarƙashin gwiwa. Tana kawo masa kunu, tana kawo masa ruwan wanka, tana yi masa fifita. Zafin ya ragu, yana ta murna, yana cewa ashe gaskiyar abokinsa.

Ranar da suka koma a cire zare, likita ya ce ya lanƙwasa ƙafar. Ya gwada, ta ɗan motsa ta tsaya cik. Likita ya dubi Habila, ya dubi Laraba, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wannan ba karaya ba ce. Naman da ke warkewa yana ɗaurewa a inda aka bar shi. In aka ƙara 'yan makonni a haka, ƙafar za ta sandare, kana da sabuwar gwiwa amma ba za ka more ta ba. Har yanzu da sauran lokaci, amma ba shi da yawa."

Suka hau mota suka koma gida.

Da gari ya waye, Laraba ta share tsakar gida, ta ba awaki dusa, ta wanke hannu. Ta ɗauko 'yar kujerarta ta tsugunno ta ajiye a gaban gado. Ta ce, "Maigida, tashi zaune."

Ya ce, "Bari sai gobe, jiya mota ta jijjiga ni."

Ta ce, "Yau."

Habila ya dube ta kamar bai santa ba. Ya tashi zaune. Ta kama idon sawunsa ta fara turawa. Da zafin ya zo ya ce, "Ya isa." Ba ta saki ba. Ya ce, "Laraba, na ce ki sake ni!" Ta ƙara turawa kaɗan, tana ƙirga a ranta kamar yadda aka koya mata. Ya daki katifa da hannu, ya ce, "Ashe haka kike ƙina? Me na yi miki?"

Sai da ƙirgen ya cika ta sauke ƙafar a hankali. Ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ƙin maganarka ba. Na bi ta kwana goma ɗin nan, ka ga inda ta kai mu. Ka zage ni in ka so, ka yi fushi da ni har shekara. Gara ka yi fushin kana tafiya da ƙafarka."

Ya buɗe baki zai mayar mata, sai ya ga hawaye yana bin kumatunta har ya jiƙa bakin zane. Sa'an nan ya gane, duk ƙarar da ya yi a zuciyarta take sauka. Kunya ta kama shi. Can ya tura mata ƙafar da kansa, ya ce, "Sau nawa likita ya ce?"

Ta ce, "Goma."

Ya ce, "To, saura tara. Share hawayenki, kada ki ɓata ƙirge."

Haka suka yi ta yi, safe da rana da yamma. Wata rana ya yi ƙara, wata rana ya yi waƙar yabo da ƙarfi don ya danne ƙarar, ita kuwa tana yi masa amshi tana turawa. Maƙwabta suka yi ta mamakin wace irin sujada ce ake yi a gidan Habila sau uku a yini. Bayan wata guda ya ajiye ƙarfen dogarawa ya koma sanda. Bayan wata uku ya jingine sandar a bayan ƙofa. Gwiwar ba ta koma kamar ta saurayi ba, durƙuso yana yi masa wuya har yau. Amma da ruwan shuka ya sauka, mutane suka hango su biyu a gona, shi a gaba da sungumi yana sara, ita a baya tana zuba iri tana rufewa da ƙafa, tana ce masa ya rage sauri.

Yanzu, ƙaunatattu, ga abin da misalin nan yake nufi. Manomin nan mu ne. Gwiwar da ta cinye ita ce tsohuwar zuciyarmu, wadda ba sassaƙe ko dabarar da za ta gyara ta. Ubangiji shi ne likitan, shi kaɗai yake ba da sabuwa, ba mu kuwa taimaka masa a aikin ba, kamar yadda Habila yana barci aka yi nasa. Amma sabuwar zuciya sai an koya mata lanƙwasawa. Ta lanƙwasa ta ce, "Na yi kuskure." Ta lanƙwasa ta gafarta wa wanda bai ma roƙa ba. Abin da zafi, musamman a farko, kuma in aka bar ta kwance sai ta sandare a tsohon halinta.

Za ku sami masu ce muku, "Huta abinka, haka Allah ya yi ka." Da yawansu ba maƙiya ba ne, masoya ne da ba su san irin ciwon ba. Amma in Ubangiji ya ba ka mutum irin Laraba, ko mata, ko miji, ko ɗan'uwa a cikin ikilisiya, wanda zai gaya maka abin da ba ka so ka ji, kada ka yi saurin cewa yana ƙinka. Ka dubi fuskarsa tukuna, ka gani ko da hawaye yake faɗa.

Ku kuma da aka ba ku aikin riƙe ƙafar wani, ku tura a hankali, kada ku wuce ƙirgen da aka ba ku, kada kuwa ku saki don ya yi ƙara.

A cikin makon nan, kowa ya tuna mutum ɗaya da ya taɓa gaya masa gaskiya mai zafi don yana ƙaunarsa. In yana da rai, kada Lahadi mai zuwa ta zo ba ka je ka ce masa ka gode ba.