Nasir da Shafuka Biyu na Shagon Felicia

Jikana Nasir yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ba na musu. Amma ba ya iya jiran shayi ya huce, kuma ranar da ba a yabe shi ba, ranar ta lalace. Na zo Kuala Lumpur haihuwar yayarsa Walida, korona ta rufe hanya, na maƙale a benensu na unguwar Titiwangsa. A gabana aka yi abin nan.

Maƙwabciyarmu Felicia, 'yar Kafanchan, tana da ɗan shagon yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Da aka kulle kasuwanni, cinikinta ya koma intanet. Nasir ya ce shafinta ya tsufa, ya yi mata sabo mai manyan hotuna da bidiyo. Suka shirya gwaji: rabin masu shigowa su ga tsohon, rabi su ga sabon, na'ura ta ƙirga inda aka fi saye. Suka sa masa wa'adi; in ya cika, ta nuna tabbaci kashi casa'in da biyar, sai a ɗauki wanda ya ci.

Kullum da safe sai ya leƙa. Lambar ta hau, ta sauko, ta sake hawa. Da haƙurinsa ya ƙare, ya tura sabon shafin cikin rukunin ɗaliban Najeriya, ya ce su shiga su taya shi. Wata safiya lambar ta taɓa casa'in da biyar, nan take ya tsayar da gwajin.

Walida karatun lissafi take yi a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Ta duba wayarsa, jariri a kafaɗa.

"Mutum nawa suka saya?"

"Ba yawa. Amma dubi lambar mana."

"Lambar nan ba alkawarin ciniki ba ce. Cewa take, in shafukan ba su da bambanci, da wuya dace kaɗai ya kawo wannan tazara. Kai kuma ka yi ta leƙe har ranar da ta yi maka daɗi, ga abokanka a ciki. Ka mayar da gwajin ya cika wa'adinsa."

"Yaya, ki ji da ɗanki."

Ni ban yi boko ba, rabin zancen ya wuce ni. Na dai ce, "Maigida, yayarka ce ke magana."

"Kaka, ke ma kin zama injiniya?"

Ya sauka ya gaya wa Felicia akwai tabbacin casa'in da biyar cikin ɗari cewa cinikinta zai ƙaru. Bai ambaci abokansa ba, bai ambaci Walida ba. Felicia ta goge tsohon shafin, ta cika shago da kayan Sallah.

Ashe matan da ke sayen yadinta da waya suke shiga. Bidiyon ya ƙi buɗewa da wuri, farashi ya ɓuya can ƙasa, suka koma wani wurin. Sallah ta wuce kaya na jibge. Felicia ta mayar wa mai gini mabuɗin shago.

Ni da kaina na ɗaura takunkumi, na sa Nasir gaba zuwa ƙofarta. Ban taɓa sunkuyar da kai a ƙofar kowa ba sai ranar. Ya faɗi komai. Felicia ba ta ko dube shi ba, ni ta duba.

"Mama, da ya ce mini bai tabbata ba, da na jira. Ni ban san lamba ba. Shi na sani."

Muka hau bene.

To, ku masu na'ura, ku ji. In kun sa wa gwaji wa'adi, ku bar shi ya cika, kada ku tsayar da shi ranar da ya faɗi abin da kuke so. Kada ku kira 'yan gida su cika muku lamba. Kuma in abincin wani ya rataya a bakinku, ku faɗa masa iyakar abin da kuka sani, ku faɗa masa abin da ba ku sani ba.