Lemon da Baba Ya Matse da Hagu

Akwai wani gida da duk hutun ƙarshen shekara yake cika ya batse. 'Ya'ya su zo da mazansu da matansu, jikoki su baje a falo, takalma su taru a bakin ƙofa har sai mutum ya yi tsallake kafin ya shiga. Mai gidan tsohon mai gyaran kayan lantarki ne. Kowa Baba yake ce masa, har maƙwabta.

Girki na Mama ne da 'ya'yanta mata, amma abin sha na Baba ne, kuma ba a sa masa hannu. Tun da hantsi zai sa a fito masa da buhun lemon zaƙi, ya zauna a benci a bayan kicin. Sai ya murza kowane lemo a kan tebur da tafin hannu har ya yi laushi, ya raba shi biyu, ya matse a kan wani ɗan abin matsa na gilashi mai tsini a tsakiya. Ya ɗiga lemon tsami, ya goga citta kaɗan, ya zuba ƙanƙara.

Shi ke nan fa, babu wani sirri a ciki. Amma da wannan lemon yake bin mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wannan ya aiki, yana tsokanar wancan wai tumbi ya fara riga shi shiga ɗaki.

Sai Allah ya jarrabi Baba da shanyewar ɓarin jiki. Ya sha jinya, ya tashi, magana ta dawo, ƙafa ma yana janta ya yi tafiyarsa a hankali. Hannun dama ne kawai ya ƙi dawowa.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ƙannenta suna ce mata Yaya Nas, shi kuwa Baba Uwata yake kiranta. Mace ce mai zafin nama, irin mutanen nan da kafin ka gama cewa kana jin ƙishirwa sun miƙo maka ruwa. Ita ta kwana da shi a asibiti, ita ta san lokacin kowane magani. Kada wanda ya karanta wannan labari ya ɗauka ba ta son mahaifinta. Son ne ma ya yi mata yawa.

Tun da aka dawo da shi gida ta kafa dokoki. Baba ba ya taɓa wuƙa, ba ya ɗaukar abin da zai fashe, ba ya tashi sai da mai riƙe shi. Idan ya fara kokawa da maɓallin riga, ta ɓalle masa. Idan ya tsaya neman wata kalma a tsakiyar zance, ta ƙarasa masa. Shi kuma ya ce Allah ya yi albarka.

Hutun farko bayan ciwon, Yaya Nas ta zo da injin matse lemo sabo fil a kwalinsa. Kafin a gama gaishe-gaishe ta cika jug-jug ta jera a firij. Ta markaɗa kankana da lemon tsami. Ta yanka ayaba a ƙananan kofuna, ta zuba yogot, ta marmasa biskit a kai. Ga kek, ga abarba an yanka gwanin sha'awa. Gaskiya ta yi ƙoƙari, kuma kowa ya yaba, har matan ƙannenta suna tambayar yadda ake haɗawa.

Baba kuwa an ajiye shi a kujera mai taushi, an tokare shi da matashi ta kowane gefe. Aka ba shi nasa lemon a kofin roba mai murfi don kada ya zubar. Ya kurɓa, ya ce ya yi daɗi. Tun ana tsakiyar hira ya ce a kai shi ɗaki, ya gaji. Ba wanda ya kawo komai a ransa, ai mara lafiya ne.

Daga nan Baba ya fara janyewa. Abinci a ɗaki, hira a taƙaice, rediyo a kunne daga safe har yamma. Mutumin da da ba a gama magana a gidan sai ya sa baki, ya koma sai an leƙa an ce masa sannu.

Da hutu ya sake zagayowa, ranar taron da safe, Baba ya ce shi ba zai fito falo ba, kansa na ciwo. Yaya Nas ta ɗauko abin awon jini ta auna, lafiya lau. Ta duba idonsa, ta taɓa goshinsa, ta tambayi ko ya yi barci. Duk babu abin da ta gano.

Mama ce ta ja ta kicin, ta rufe ƙofa.

"Ki daina wahalar da kanki, lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Jiya na tambaye shi, ya ce wai me zai fito ya yi. Ya ce kujerar ma za ta iya zama ita kaɗai ba sai da shi ba."

 Yaya Nas ta tsaya tana kallon buhun lemon da aka jingine a bango, da injinta a kan kanta.

Autansu yana wurin yana satar biskit. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma har yanzu shi ne sarkin dabarar gidan, irin dabarar da ba ta cika kai wa yamma ba. Ya ce ai abin mai sauƙi ne. A cire fis ɗin da ke cikin fulogin injin don ya ƙi kama wuta, a je a ce wa Baba inji ya lalace, baƙi suna hanya, a taimaka a matse da hannu. Mama ta ce ita babu ruwanta. Yaya Nas kuwa ta miƙa wa Auta sukundireba.

Ku duba fa. A duk faɗin duniya, wanda suka zaɓa su yi wa ƙaryar lalacewar inji shi ne mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe cikin fanka da rediyo da dutsen guga.

Suka shiga ɗaki da fuskar tashin hankali. Auta ya zuba bayani har da dafa kai. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce a kawo injin ya gani. Aka kawo. Bai ko kalli jikin injin ba, fulogin ya jawo da hagu ya juya shi, ya ga sabon ƙarzanen da sukundireba ta bari a kan ƙusa. Ya ce Auta ya buɗe. Auta ya buɗe yana gumi.

"Ina fis ɗin?"

 Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da shi.

Da a ce da ne, Baba zai yi dariya har da hawaye, kuma sai an shekara ana ba da labarin. Amma bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ɗan fis ɗin a tafin hannun ɗansa.

"Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba," ya ce a hankali. "Ku mayar, ku je ku yi aikinku. Na gode da tausayi."

Ya juya fuska wajen taga. Auta ya sulale ya fita, Yaya Nas ma ta bi bayansa da injin a rungume.

A kicin ta ajiye shi, ta dafa kanta, kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta sani. A wurin aikinta kullum sai ta yi wa 'yan uwan masu irin wannan ciwo faɗa, tana cewa su bar mara lafiya ya riƙe cokalinsa ko da zai ɓata riga. Tana faɗa wa iyalan wasu, amma da abin ya zo kan mahaifinta sai ta kasa jure ganin yana fama. Duk wahalar da ta ɗauke masa, rabinta don ta huta da kallonsa ne a cikin wahalar. Yau kuma ta ƙara da raina masa hankali.

Ta koma ɗakin ita kaɗai. Ta durƙusa gefen gadon ta ba shi haƙuri, ba tare da kawo wani uzuri ba. Sannan ta yi masa tambayar da tun ranar da ya kwanta ba ta taɓa yi ba.

"Baba, kai me kake so?"

Ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har amsoshi suka fara taruwa a bakinta, ta kusa ce masa ko shayi, ko a buɗe taga, ko a kira jikoki. Ta danne. Ta zauna tana jira, abin da ba ta iya ba.

"Wuƙa ba zan iya ba, na sani," ya ce daga ƙarshe. "Ki yanka. Ki riƙe mini abin matsar kada ya zame. Sauran ki bar ni, Uwata."

Abin matsar ma sai da Mama ta tono shi daga can ƙasan kabad, ya yi ƙura. Aka fito da benci bayan kicin. Baba ya taho da kansa yana jan ƙafa, ya zauna.

Aikin ya yi nawa ƙwarai. Hagu ba ta saba ba. Ya murza lemo ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin benci. Ya danna rabin lemo a kan tsinin, ƙarfin ya tafi gefe, ruwa ya fantsamo masa a riga. Abin da injin zai yi kafin a wanke kofi, su sun daɗe a kai ba su rufe gindin jug ba.

Baƙi suka fara sallama. Aka ci abinci, aka fara tambayar abin sha. Ƙanwarta ta leƙo ta yi mata raɗa cewa ga inji can a zaune, a matse rabi mana a ɓoye, wa zai sani. Yaya Nas ta girgiza kai, ta ce a ba mutane ruwan kankana su fara da shi.

Sau ɗaya hannunta ya ci amanarta. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na bin gemunsa, ba ta san lokacin da ta ɗora tafinta a kan nasa za ta danna ba. Ya ɗago ido kawai ya dube ta. Ta janye hannun, ta mayar kan gindin gilashin inda ya ce ta riƙe.

A hankali hagun ta fara gane hanya. Ya gano idan ya miƙe kaɗan ya sa nauyin kafaɗa, lemon yana bayarwa. Har ya fara mita, wai lemon bana duk ɓawo ne, wai wanda ya sayo bai san lemo ba. Auta da ya sayo yana laɓe a bakin ƙofa, bai taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Ko sulusin buhun ba su ci ba Baba ya ce ya isa, hannu ya gaji. Jug ɗin ya ɗan wuce rabi. Ya ɗiga lemon tsaminsa, ta goga masa citta yana cewa ƙara, ƙara, tsaya, sannan ta zuba ƙanƙara. Ta kai hannu za ta ɗauki jug ɗin.

"Ajiye," in ji shi.

Tsakanin kicin da falo ba nisa, amma ranar ta ga nisansa. Yana gaba, jug na rawa a hagunsa, ƙanƙara na ƙara a ciki. Tana biye da shi, ta harɗe hannuwanta a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya. Da ya shiga, kowa a falon ya juyo yana kallonsa. Surukinsa ya yunƙura zai karɓa, ta yi masa ido, ya koma ya zauna.

Lemo ya zuba a kan kafet. Ba wanda ya tashi neman tsumma.

Ya fara da Mama. Ya bi sauran, kowa ɗan kaɗan a gindin kofi, don ba zai isa ba. Ya tambayi wani jikansa sakamakon jarrabawa, ya tsaya neman wata kalma, aka jira shi har ya samo ta da kansa. Ya ce wa Auta shi ba za a ba shi ba sai ya yi bayanin inda ya koyi gyaran inji, falon ya fashe da dariya.

Yaya Nas ce ta ƙarshe. Ta ɗauko kofi ta tara, ragowar ce, har da 'ya'yan lemo biyu da suka tsere wa rariya. Idonta ya cika, ba ta ko ganin bakin jug ɗin sosai.

"Uwata, riƙe kofin da kyau mana," ya ce. "Hannunki rawa yake."

Ya tsiyaye mata duka. Sannan ya ajiye jug, ya wuce kujerar nan mai matasai, ya samu wuri a tsakiyar 'ya'yansa ya zauna, ya ce a miƙo masa ayabar nan mai yogot ya ji abin da ake ta yabo. Bai koma ɗaki ba sai da baƙo na ƙarshe ya sa takalminsa.

Darasi: Ba duk taimako ne alheri ba. Idan muka ɗauke wa iyayenmu da marasa lafiyarmu kowane aiki, muna iya ɗauke musu dalilin zama a cikinmu ba mu sani ba. Kafin ka yi wa mutum abu, tambaye shi me yake so, kuma ka yi haƙurin jiran amsa. Ku tura wa 'yan uwanku wannan labari kafin taron gida na gaba, musamman wanda ya fi kowa hidima, don shi ya fi buƙatar ji.