Hannun da Ya Koya wa Duna Gurnani

Dalilin da ya sa kare yake gurnani in an matso kusa da kaskonsa, ko da wanda ya zuba masa tuwon ne ya matso, shi zan gaya muku yau, tunda Talle ya shigo mini da kuka wai karen gidan Mati ya yi masa haƙora. Ina jin ku a zaure kuna ta gardama, wannan ya ce baƙin kare dama mugun iri ne, wancan ya ce a jininsu abin yake. To ku zauna. Kai kuma maigidana Talle, share majinar nan, ai ba cizonka ya yi ba.

A zamanin da, kare bai san gurnani ba. Haushi dai yana yi in ya ji warin kura, amma ya buɗe wa mutum haƙora a kan abinci, ba a taɓa ji ba. Karnukan unguwa kasko ɗaya suke haɗa kai, kaza ma ta zo ta sa baki ba mai ce mata kanzil. Yaro mai rarrafe yakan zare ƙashi daga bakin kare, karen ya bi shi yana lasar ƙafarsa.

A lokacin akwai wani ƙauyen mafarauta a gindin dutse. Sarkin Dawansu wani tsoho ne mai suna Tunau. Shi ke riƙe da ƙahon farauta, wanda in bai busa ba babu mai shiga daji, kuma duk naman da aka kama shi ke rabawa. Yana da karya, Yalwa, wadda ba a taɓa ganin mai hanci irin nata ba. Da tsufa ya kama Tunau, gwiwa ta ƙi hawan dutse, sai ga Yalwa ta haifi 'yan kwikwiyo biyu. Ɗaya ja ne, mulmulalle. Ɗayan baƙi ne, ramamme, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Tunau ya kira samari biyu da suka fi kowa sanin daji, wa da ƙane, Nomau da Cindo. Ya ce, "Ni kam na gaji. Kowa ya ɗauki kwikwiyo ɗaya ya yi rainonsa. Baɗi war haka, ranar buɗe farauta, zan ba ɗayanku ƙahon nan. Amma ku ji da kyau: kamu na kare ne, karɓa ta mai kare ce. Wanda karensa ya fara kamu, ya sa hannu ya karɓi naman daga bakinsa ya kawo gabana, shi ne Sarkin Dawa."

Kada ku ɗauka Nomau rago ne. Ya fi ƙanensa ƙarfi, ya fi shi iya harbi. Ciwonsa ɗaya ne, abin hannunsa ba ya yi masa daɗi sai ya leƙa na hannun wani. Tun suna yara, in aka raba musu rake nasa ya fi tsawo, sai ya ce ai na Cindo ya fi zaƙi. Hajjo, me ya sa kika kalli Talle? Ni ban kama sunan kowa ba.

Da yake shi ne babba, shi ya fara zaɓa. Ya sunkuci jan, ya raɗa masa suna Sai-ni. Cindo ya ɗauki baƙin ya sa a aljihun rigarsa, ya ce, "Zo mu je, Duna."

Gidajensu a manne suke, dangar kara kawai ta raba, kuma dangar duk kafofi ce. Ta nan Nomau yake ganin komai. Cindo ba ya cin tuwo sai ya gutsura wa Duna. In zai je gona Duna na bayansa, in ya zauna yana cire masa kaska yana yi masa hira kamar mutum. Kafin damina ta yi nisa Duna ya murje, gashinsa na sheƙi, da fito ɗaya yake gane abin da ake so. Sai-ni kuwa yana ɗaure a turke, an jefa masa abinci an wuce, ya zama sakarai, ko sunansa bai riƙe ba.

Mutane suka fara magana a bakin rijiya. "Kun ga karen Cindo kuwa? Jiya zomo ya kamo ya kawo masa har hannu, ko haƙori bai sa masa ba." Duk sanda Nomau ya ji haka sai abinci ya fita ransa. Yana kishin ƙanensa, kishi mai hana sukuni, har ya rame kamar mai jinya.

Rannan ya zagaya gidan Cindo, ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Kai, an cuce ni. Tsohon nan ya san baƙin ya fi, ya bar ni na ɗauki bagidaje."

Cindo ya ce, "Haba Yaya, kai fa ka zaɓa da hannunka."

"To na sake zaɓa. Ko ba ni ne babba ba? Ba ni baƙin, ka ɗauki jan."

Idon Cindo ya kawo ruwa. Ba ya iya musu da wansa, tun da ubansu ya rasu Nomau ne a madadinsa. Ya durƙusa ya shafa kan Duna, ya sa masa igiya da kansa ya miƙa. Da aka ja Duna yana turjewa yana waiwaye, ya kasa gane laifin da ya yi. Nomau ya ɗaure shi a turke, ya sake masa suna, wai Za-su-gani.

To abin dariya, wata bai cika ba sai ga Sai-ni ya fara wayo a hannun Cindo. Sakaran da bai san sunansa ba, yanzu da fito ɗaya yake zuwa a guje. Aka koma bakin rijiya ana cewa, "Kun ga jan karen Cindo kuwa?" Duna kuma ya kwanta a gindin turke ya ɗora haɓa a ƙasa, ba ya amsa sabon suna, ba ya ko ɗaga kunne. Mai hankali da nan ya gane inda gizo ke saƙar. Amma hassada ba ta barin mutum ya ga abin da ke gaban hancinsa.

Nomau ya ce tunda karen ba zai yi wayo ba, to ya yi zafi. Wani ya ba shi shawara ya daka rina da barkono ya zuba masa a tuwo. Ya sha harbin rina har fuskarsa ta kumbura kafin ya tara su, kuma abin da kawai aka samu shi ne kare ya yini yana zawo.

Sai wata rana da hantsi ya lura da wani abu. Cindo na zaune a tsakar gidansa yana gutsura wa Sai-ni tuwo, yana shafa kansa. Duna ya miƙe tsaye, ya ja igiya har ta shaƙe shi, ya kafa ido ta kafar danga. Nomau ya san wannan kallon. Shi ne irin wanda shi kansa yake yi ta kafar nan kullum. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe kai ma kana ji."

Tun daga ranar ya samu dabara, kuma wallahi ko yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Sai ya dakaci Cindo ya tafi gona. Ya cika kasko da tuwo da romo ya ajiye gaban Duna. Duna ya sa baki ke nan, loma ɗaya, sai hannun Nomau ya sauko ya janye kaskon. Ya ɗaga shi sama ya juye ta kan danga, Sai-ni ya rugo ya lashe tas, Duna na kallo. Sai can da yamma ya jefa masa ɗan ƙanzon da zai riƙe rai. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Da farko Duna kuka yake yi, siririn kuka irin na roƙo. Daga baya ya daina. Rannan da hannun ya sauko, sai wata murya ta fito daga can cikin ƙirjinsa, wadda kunnen ɗan Adam bai taɓa ji ba: grrrr. Kajin gidan suka watse. Nomau ya ja da baya, sannan ya tuntsire da dariya ya ce, "Yawwa! Yanzu ka zama kare. Za su gani."

Ranar buɗe farauta ta zo. Aka taru a gindin dutse, Tunau ya busa ƙaho, aka saki karnuka. Ba a yi nisa ba barewa ta tashi daga cikin sabara. Duk karnukan suka bi ta, amma Duna da ya yi watanni da yunwa da ɓacin rai ya wuce su kamar kibiya. Ya cim mata a bakin wani kwazazzabo ya kayar, ya danne. Mafarauta suka ɗauki ihu, "Na Nomau ne! Na Nomau ne!"

Nomau ya iso yana haki, bakinsa har kunne. Kafin ma ya dubi barewar sai da ya waiwaya ya nemi fuskar Cindo, don ya ga yadda ta yi. Cindo kuwa murna yake yi, yana cewa, "Barka Yaya, karɓi abinka." Wannan ma sai da ya ƙona wa Nomau rai.

Saura abu ɗaya, ya karɓa. Ya sunkuya ya miƙa hannu. Duna ya ɗaga ido ya ga hannun nan na saukowa, hannun da ya sani, wanda bai taɓa saukowa ba sai ya tafi da abin bakinsa. Can gefe kuma ga Sai-ni tsaye kusa da Cindo yana kaɗa wutsiya. Duna ya saki barewa ya cafke hannun. Kafin a ɓamɓare shi, yatsu biyu sun tafi, waɗanda Nomau ke jan tsarkiyar baka da su. Wannan shi ne cizon farko da kare ya yi wa mutum a duniya.

Nomau na birgima yana ihu, "Ku kashe shi! Mugun iri ne! Baƙin kare dama haka jininsa yake!" Wasu har sun ɗaga gora.

Tunau ya iso yana dogara sanda, ya ce, "Ku sauke. Wane jini? Nono ɗaya suka sha da wancan jan, a gabana. Uwarsu ta tsufa a ɗakina, jikokina a jikinta suke barci. Kuma baƙin nan ba shi ne yake kawo zomo har hannu ba? Nomau, da kare na hannun Cindo ka ce shi ne mai kyau, ka karɓa. Wanda ka bayar ya gyaru, wanda ka karɓa ya lalace. Ko akuya aka ba ka, ina jin sai ta yi cizo."



Duna ya koma ya kwanta a kan barewar, ba mai iya matsawa. Cindo ya ajiye gorarsa ya tako a hankali ya ce, "Duna. Duna, ni ne." Jin tsohon sunansa, wutsiyar Duna ta fara kaɗawa. Amma gurnanin bai tsaya ba. Baya na murna, gaba na gargaɗi, shi kansa ya rasa wanne zai bi. Nan Cindo ya fashe da kuka a gaban maza, bai ji kunya ba.

Bai miƙa hannu ba. Ya zauna a ƙasa, ya mai da hannuwansa baya, ya yi ta yi masa hira irin ta da, har rana ta karkata. Can Duna ya miƙe, ya ja barewar da baki, ya kawo ya ajiye a kan ƙafafun Cindo. Cindo ya ɗauka ya kai gaban Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kamun karen Yaya."

Tunau ya ce, "Kamun nasa ne, karɓar taka ce." Ya rataya masa ƙaho a wuya.

Nomau bai sake jan baka ba har ya mutu. Duk ranar da aka busa ƙaho yana zaune a gida yana ji, ya leƙa ta kafar danga ya ga an wuce.

Cindo ya mai da Duna gidansa, ya lallashe shi har ya koma bin sa gona, yara ma suna hawan bayansa. Abu ɗaya ne ya ƙi gyaruwa. In aka ajiye masa kasko, ko ya cika ya tumbatsa, sai ya rufe shi da ƙafafu, ido ɗaya a kan tuwo, ɗaya a kan kaskon Sai-ni. Ko Cindo ne ya gitta, sai ya yi gurnani, bayan ya gama ci kuma ya zo ya lashi ƙafarsa kamar mai ba da haƙuri. 'Ya'yansa suka tashi suka ga haka ake ci, su ma suka ɗauka. Karnukan maƙwabta da aka yi wa gurnani suka rama. Haka abin ya bazu, ya shiga baƙi da ja da fari, bai bar kowa ba.

Shi ya sa har yau in kare na cin abinci ka matso, sai ya yi maka haƙora, wani lokaci ma wutsiyarsa na kaɗawa. Ba ƙin ka yake yi ba, hannun Nomau yake tunawa. In kuma kun ga karen da cizo ya zame masa sana'a, ku bar tambayar launinsa ko wace ce uwarsa, ku tambayi wa ke riƙe da igiyarsa.

Kai kuma Talle, tun da na fara labarin nan idonka na cikin kwanon Hajjo, naka ga shi ya huce. Ci abinka, maigida, tun yatsunka suna biyar.