Baƙuwar Tantabara a Bakin Rijiyar Lambu

An ce a zamanin da, wani Sarki ya gaji da ɓarnar tsuntsaye a lambunsa, ya sa aka yi shela: hazbiya da kurciya na daji ne, a harbe su, amma tantabarar gida dukiyar wani ce, wanda ya harbe ta za a sare masa babban yatsa.

Ana nan sai wata tsuntsuwa ta fara sauka kowace la'asar a kan tsohuwar rijiyar lambun, wadda Waziri Barmo ya sa aka rufe da falalen dutse tun shekarar da Ciroma, ƙanen Sarki, ya ɓace. Waziri ne ya kawo labarin cewa Ciroman ya gudu wurin abokan gaba. Tsuntsuwar ba ta taɓa 'ya'yan itace. Kuka kawai take yi, mai sa tsigar jiki ta tashi.

Waziri ya kira Tunau, Sarkin Baka, ya yi gyaran murya ta hanci yadda ya saba. "Ihim. Hazbiya ce. Harbe min ita yau, ko rawaninka ya koma kan wani."

Tunau ya laɓe bayan rumman ya ƙare mata kallo. Idonta da jan zobe irin na hazbiya, amma ƙafafunta da gashi har ƙasa, irin na gida. Ya dubi yatsansa, wanda da shi yake jan tsirkiya, ya mai da kibiya cikin kwari.

Da safe ya faɗi gaban Sarki. "Allah ya ba ka nasara, idona ya kasa. A gwada ta da fito. Ta daji tashi take in ta ji mutum, ta gida kuwa muryar mai ita kaɗai take amsawa."

Waziri ya ce, "Ihim, ihim! Fada za ta tashi saboda tsuntsu? Allah ya ja zamaninka, wannan ai wasa ne."

Sarki ya ce, "Waziri, doka tawa ce. Mu je."

Da la'asar suka tarar da ita a kan reshe. Masu kiwon tantabaru na gari suka yi ta fito, kowa da irin nasa. Ba ta tashi ba, ba ta sauko ba. Suka gaji suka daina.

Sai fito ya taso daga ƙarƙashin dutsen, siriri, a hankali, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Tsuntsuwar ta sauko ta kwanta a kan murfin, ta baza fikafikai.  Tunau ya ga hawaye a fuskar Sarki.

"Fiton Ciroma ne," in ji Sarki. "A ɗaga dutsen."



Tunau ne aka zura da igiya. Ƙasusuwa ya tarar, sun daɗe da bushewa, da zoben Ciroma, da igiya ɗaure a wuyan hannu. Waziri bai yi musu ba. Alƙali ya yanke masa hukuncin kisa, aka yi wa Ciroma sutura.

Tunau ya tsufa da rawaninsa da yatsansa. Tantabarar ba a sake ganinta ba, shi kuma har ya mutu bai ƙara yin fito kusa da rijiya ba.