Lambar da ke Ƙarƙashin Modem ɗin Yaya

Auta yana da hannun aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Matsalarsa ɗaya, ba ya son biyan abin da zai iya samu ta bayan gida. Ma'aikaci ne a wani kamfani mai kai wa mutane intanet ta wayar kebul. Shi ke hawa tsani ya jawo waya daga akwatin kan titi, ya huda bango, ya ɗaura ta a bayan modem, ɗan akwatin da ke ba gida intanet. Yayarsa ce ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi koyon aikin, har akwatin kayan aikinsa ita ta saya masa.

Da mijin Yaya ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, nauyin gidan gaba ɗaya ya dawo kanta. Allah ya taimake ta ta samu aikin amsa kiran kwastomomi daga gida, a wani kamfanin sayar da tikitin mota. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada layi ya riƙa yankewa ana tsakiyar magana da kwastoma. Daga wannan aikin maganin mijinta yake fitowa, daga nan abinci yake fitowa.

Auta ne ya zo ya haɗa mata intanet. Ya murɗa wayar a bayan modem, ya jona wuta, sannan ya kifa na'urar ya nuna mata wata 'yar farar takarda da ke manne a ƙasanta. Ya ce wannan jerin haruffa da lambobi shi ne lambar MAC, kowace na'ura da tata ake ƙera ta, kamar zanen yatsa. Da ita kamfani yake gane cewa wannan modem ɗin na Yaya ne, ya sakar masa intanet. Ya kira ofis ya karanta musu lambar, fitilu suka yi kore. Yaya ta dinga sa masa albarka. Tana shiga kicin ta ɗebo masa abinci, shi kuwa ya zaro waya ya ɗauki hoton lambar. Abin ƙyama, da hannun da zai ci abincinta ya ɗauka.

Yana da wani tsohon modem da ya tsinta a cikin kayan da aka ajiye za a zubar. Ya kai shi ɗakinsa, wanda ke kan layi ɗaya da gidan Yaya, ya shiga cikin saitinsa ya ɗora masa lambarta. Shi ke nan, ya samu intanet na banza. Abokansa suka mai da ɗakin gidan kallon ƙwallo, ana kiransa Injiniya yana wani hura hanci. Ya san sarai abin da ke faruwa idan na'ura biyu suka amsa lamba ɗaya a kan layi ɗaya: injin kamfani yakan rikice, ya ba wannan ya hana wancan. Sai ya ce wa kansa ai ɗan lokaci ne, Yaya ba za ta ma lura ba.

Ta lura. Tana cikin magana da kwastoma sai murya ta ɗauke, fitilar modem ta koma ƙiftawa. Ta kira Auta, ya zo da akwatinsa yana ɓata rai kamar an taso shi daga wani babban aiki. Kafin ya fito kuwa ya kashe nasa, don haka yana isowa ya tarar komai lafiya. Ya jijjiga waya, ya busa bayan modem, ya ce danshi ne. Wani zuwan ya ce ɓera ne ya ci wayar. Wani zuwan kuma ya ce ita ce ba ta iya amfani da kwamfuta ba, ya yi mata dariya a gaban mijinta. Kuma duk zuwan sai ya cinye abin da ke cikin kwano ya siɗe hannu. Tir da wannan hali.

Shugabar aikin Yaya ta ja mata kunne, ta sake ja. Yaya ta gaya wa Auta da hawaye a idonta cewa an ce in ta ƙara, shi ke nan. Ya ce ta kwantar da hankalinta, zai duba. Da gaskiya ya ɗan ji wani abu a ransa, ya bar modem ɗinsa a kashe. Sai ga wasan ƙarshe na gasa ya zo da rana tsaka, abokai suka cika ɗaki, wani ya ce ko Injiniya ya gaza ne. Auta ya miƙa hannu ya jona.

A wannan yinin aka sallami Yaya.

Ba ta kira shi ba a wannan karon. Ta kira ofishin kamfanin intanet da kanta, ta ce a gaya mata laifin da ta yi musu. Matar da ta ɗauka ta duba, ta ce lambar modem ɗinta tana fitowa daga wuri biyu a kan layinsu, ko akwai wanda ya taɓa ganin ƙasan na'urar? Nan take Yaya ta tuna. Mutum ɗaya ne ya taɓa kifa ta.

Ta jawo kujerar mijinta gaban tebur, ta ce ya zuba wa fitilar modem ido, ta kira shi a waya ta bar layin a buɗe, ta fita. Tun daga bakin ƙofar Auta take jin ihun 'yan kallo. Ɗakin yana warin zufa da takalma, kwanuka a ƙasa ƙudaje na bi, cikinsu har da kwanonta da ya tafi da shi bai mayar ba. Can kan taga ga tsohon modem, fitilunsa kore shar. Auta ya miƙe yana in-ina, yana cewa bari ya yi bayani. Ba ta ko kalle shi ba. Ta tsallake ƙafafun mutane ta fizge wayar wutar, hoton ƙwallo ya tsaya cak. Ta ɗaga wayarta ta sa ta a lasifika don kowa ya ji.

Aka ɗan jima, sai ga muryar mijinta, a hankali, da harshensa mai nauyi: "Ta dawo. Ta yi kore."

Abokan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa. Auta ya durƙusa ya ce, "Yaya, wallahi ban zaci abin zai kai haka ba."

Ta ce, "Ka san zai kai. Kai ka koya min cewa kowace na'ura da lambarta." Ta sunkuya ta ɗauki kwanonta ta fita.

Kamfanin ya bi layi ya gano ɗakin, aka kore shi daga aiki, labarin kuma ya bazu har babu mai yarda ya bar shi ya taɓa masa waya. Wannan duk bai dame shi ba kamar abu ɗaya. Ranar da ya je gidan Yaya da niyyar ba da haƙuri, ya tarar tana jera maganin mijinta tana raba kowace ƙwaya gida biyu don ya kai. Ta amsa gaisuwarsa kamar ta baƙo. Da zai wuce ta gaban tebur, sai ta miƙe ta ɗauke modem ɗin ta shige da shi ɗaki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da mutum yake kira na banza, akwai wanda yake biyansa, kuma sau da yawa na kusa da shi ne. Duk wanda aka buɗe wa ƙofa saboda sana'arsa, aka bar shi ya ga abin da ba kowa ke gani ba, amana aka ba shi. Na'ura tana da lambar da ake gane ta da ita, mutum kuma da halinsa ake gane shi. Idan ya ci amanar wanda ya raine shi, zai iya samun wani aikin, amma yardar da ya zubar da wuya ta dawo.